Akwatin Bas na Hachimou

A unguwar Albarika ta Parakou, in rediyonka ya yi shiru ko wayarka ta ƙi shan caji, za a nuna maka shagon Hachimou, tsakanin mai faci da matar da ke soya wagashi, cukun nan na nonon shanu. Gajere ne, ya haura arba'in, yana da ɗan tumbi da tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa guda da wayar tagulla. Ɗan Djougou ne, daga gidan da tun kakanni goro ake saye ake sayarwa. Shi ne na farko a zuri'ar da aka ba kwandon goro ya tsare, ya bar shi a rana ya tafi kallon mai gyaran rediyo. Shi da bakinsa yake cewa tun ranar goro ya huta da shi, shi ma ya huta da goro.

Gyara kam ya iya shi. Amma abin da ransa ke so tun yana saurayi kiɗa ne. Da hannunsa ya fara kama abin kansa, jita ya saya kafin katifa. Sai dai yatsun nan da ke kama ƙafar taransista ba tare da rawa ba, da zarar sun hau wuyan jita sai su koma saiwar rogo. Ranar da ya gwada kiɗa a gaban abokansa, ya daɗe yana fama, gumi na zuba, sai ɗayansu ya tambaye shi cikin ladabi ko ya kusa gama saita tsirkiyoyin, don su ji waƙar. Daga ranar bai sake taɓa jita a gaban ɗan Adam ba. Tana nan rataye a bayan shago. In zai taɓa ta sai ya tura ƙofa, ya ɗora yatsa ɗaya a kan tsirkiya ɗaya, ya kaɗa, ya jira ta gama kukanta, sannan ya matsa gaba.

Tunda kiɗa ya ƙi shi, sai ya raɓi makaɗa. Ya zama mai haɗa wayoyi a ƙungiyar Dogo. Dogo tela ne a unguwar Kpébié, mutumin Gaya, wanda ya tashi yana kaɗa molo a gefen mahaifinsa kafin ya koma jita. Har yau jitar ma kamar molo yake kaɗa ta: sauran yatsu na bin waƙa, babban yatsa kuwa yana kan tsirkiyar sama yana dukanta ba hutawa, har ka rantse mutum biyu ne ke kiɗan. Akwai Awalu mai ganguna, da Sanoussi mai bas, jitar nan mai kaurin murya da ke girgiza ƙirji. Hachimou shi ne mai ɗaukar amfili, na'urar ƙara sauti, mai warware waya, mai rarrafawa ƙarƙashin tebur in lasifika ta yi ƙara. Suna kiransa Injiniya. Bai taɓa tantancewa ba ko girmamawa ce ko tsiya, ya dai zaɓi ya ɗauke ta girmamawa.

A gidansu na Djougou ba a neman komai a wurinsa. In biki ya tashi, wannan ƙane a ce ya kawo shinkafa, wancan a ce ya kawo rago, shi kuwa a ce, “Hachimou, kai dai ka zo.” Shi ya sa ranar da yayarsa Mariatou ta kira shi ta ce za ta aurar da 'yarta Mounira, kuma tana son makaɗansa su zo su yi wa mata wasa, sai da ya miƙe tsaye a cikin shago.

“Makaɗana?” in ji shi.

“To, ba kai ne babbansu ba? Haka Ramatu ta ce.”

Ramatu matarsa ce, kuma bai san ranar da ta ba shi wannan muƙami ba. Ya ce, “An gama, Yaya. Ki gaya wa kowa.”

Ta kuwa gaya wa kowa, har dangin da ke Sérou.

Ana cikin haka Sanoussi ya samu aikin tuƙi a Cotonou, ya saɓa bas ɗinsa ya tafi. Dogo ya ce shi ba zai kai kansa Djougou a yi masa dariya ba.

“Injiniya, matan garinku bas suke takawa. In babu shi, zama za su yi suna kallonmu kamar masu wa'azi. Ka ba Hajiya Mariatou haƙuri.”

“Metir, ba sai an nemo mutum ba,” in ji Hachimou. Haka ake kiran teloli a nan. “Zan haɗa maka akwati. Ka taka shi da ƙafa, ya ɗauki muryar jitarka ya sauke ta ƙasa. Waƙa ɗaya, amma kamar mace ta fara namiji ya karɓa. Kai ne jita, kai ne bas.”

“Ka taɓa haɗa irinsa?”

“Na taɓa ganin hotonsa.”

Zanen haɗin ya samo a waya, a wani dandali da masu irin wannan ƙwaƙwa ke taruwa. Aikin akwatin ba shi da wuyar fahimta. Tsirkiya in an kaɗa ta karkarwa take yi. Akwatin ya bi karkarwar, ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, sai murya ta fito da kauri. Yawancin kayan ya ciro su daga gawarwakin rediyo da ke jibge a shagon, waɗanda masu su suka manta da su. Wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki mai ƙafafu kamar kyankyaso ce kawai ya sa direba ya taho masa da ita daga Cotonou. Ya zuba komai a gwangwanin biskit, ya tura ƙofa, ya sauko da jitarsa. Yatsa ɗaya, tsirkiya ɗaya.

Duum.

Kwalaben da ke kan kanta suka amsa. Mai wagashi ta leƙo ta tambaya ko babbar mota ce ta tsaya. Hachimou ya zauna yana kallon hannunsa. A ransa ya fara tsara yadda zai amsa gaisuwar mutane a Djougou ba tare da nuna girman kai ba.

Ranar gwaji ya hau zem, wato babur na haya, da akwatin a cinya har Kpébié. A farfajiyar shagon ɗinkin suke gwaji da yamma. Dogo ya ɗaga ƙafarsa, wadda ta saba da taka keken ɗinki, ya sauke a kan gwangwanin. Gwangwanin ya lotsa kamar an zauna a kan hula. Abin da ya fito daga lasifika kuwa ba bas ba ne. Wani gurnani ne mai hawa da sauka, yana shaƙewa, yana kakari.

Awalu ya ajiye sandunansa. “Injiniya, me ka ba shi ya ci?”

“Gwangwanin ne ya taɓa wayoyin,” in ji Hachimou da sauri. “Ƙaramin abu ne.”

Ya koma ya sake masa gida a cikin ƙarfen wata tsohuwar dikoda ta talabijin, ya shimfiɗa robar tayar keke a ciki don kada dalma ta taɓa bango. A shago: duum, tsaf. A Kpébié: kwaɗo a cikin tulu. Ya ce batir ne, ya sa sabo. Ya ce wayar jitar Dogo ce, ya kawo tasa. Ya ce amfilin ne, ya kwance shi ya goge shi ya mayar, ya rage sukurori biyu da bai san inda suka fito ba. Ya juya taransista, don ya karanta cewa wasu ƙafafunsu a juye suke. Akwatin ya mutu gaba ɗaya, ya mayar da ita yadda take. Ya bi kowane ɗigon dalma da madubin ƙara girma, ya sake narka wanda bai yi masa laifin komai ba. Ya zagi wanda ya sayar masa da ƙwaƙwalwar, ya sa aka kawo wata, ita ma ta yi halin 'yar'uwarta, sai ya ji kunyar zagin. Daga baya ya fara zargin unguwar Kpébié kanta: ko wutarsu ce, ko laima, ko tarin kekunan ɗinki.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, shi ne ya karɓi jitar a hannun Dogo ya kaɗa da kansa. Dogo kuma bai taɓa zuwa shagon ba, don a cewarsa mai ɗinkin biki ba ya da ƙafar yawo.

Aikin mutane ya taru. Wani tsoho ya yi ta sintiri a kan rediyonsa har ya fara zuwa da kujerarsa. A gida Hachimou na cin sakwara yana zana layuka da yatsa a kan tabarma.

Ramatu ta ce, “Baban Khalida, wai akwatin nan lafiyarsa ƙalau ko ba lafiya?”

“Lafiyarsa ƙalau a Albarika.”

“To, a ɗaura auren a Albarika mana.”

Bai yi dariya ba. Ta matso masa da miya, ta sassauta murya. “Ka kira Yaya ka gaya mata tun da sauran lokaci. Ta nemo masu faifai.”

Ya ɗauki wayar har ya nemo sunan. Sai ya tuna muryar da za ta ce masa, “Ba komai, kai dai ka zo.” Ya ajiye. Washegari ya je ya shaida wa Dogo cewa ya gano matsalar: wutar Kpébié ce, a Djougou akwatin zai yi. Ya faɗa da ƙarfi sosai, har shi ma ya kusa yarda. Dogo ya dube shi ta saman tabarau, da allura a baki, ya ce to, amma in abin ya yi kukan kwaɗo a can, zai naɗe kayansa ya shiga motar farko.

Suka isa Djougou da hantsi ranar bikin. An kafa rumfa a ƙofar gida, tukwane na tafasa a bayan katanga. Mariatou ta tare su da guɗa, tana nuna ƙanenta ga ƙawayenta. Hachimou ya yi murmushin mutumin da ake yaba wa rigar aro. Ya haɗa wayoyi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya ce a gwada tun mata ba su fito ba.

Dogo ya taka. Kwaɗon Kpébié ya biyo su har Djougou, ya ma ƙara ƙiba.

“Wutar garinku ma?” in ji Dogo.

Hachimou ya durƙusa ya buɗe akwatin. Babu abin da yake nema a ciki, ya dai fi son kallon wayoyi da kallon fuskar Dogo. Yana nan durƙushe wayar Dogo ta yi ƙara. Wata ce daga Parakou ke neman ɗinkinta. Dogo ya kara wayar a kunne da hannun dama.

“Hajiya, an gama, wallahi guga kawai ya rage. A'a, ba na gari. Hannu? Hannun riga ai ba ya ɗaukar lokaci.”

Yana zuba wannan bayani, yatsun hagunsa na yawo a wuyan jitar don sun saba, suna danna tsirkiya ɗaya nan da can. Sai lasifika ta ce duum. Duum, duum. Murya mai kauri, mai tsabta, irin ta Albarika. Wata mata da ke wanke shinkafa ta ɗago kai.

Hachimou bai motsa ba. Dogo ya gama da Hajiya, ya jefa wayar aljihu, hannun dama ya koma mazauninsa, babban yatsa ya sauka a tsirkiyar sama. Kwaɗo.

“Metir, ɗaga babban yatsanka.”

“Me?”

“Ɗaga shi. Kaɗa guda ɗaya kawai.”

Duum.

Hachimou ya zauna daɓas a ƙasa. Akwatin tsirkiya ɗaya yake iya bi. In aka ba shi biyu a tare sai ya rasa wadda zai kama, ya riƙa tsalle daga wannan zuwa waccan, kukan da suke ji ke nan. Ya ma tuna an rubuta haka a ƙasan zanen, da ƙananan baƙaƙe, ya karanta ya wuce don ya ɗauka da marasa ƙwarewa ake. Ya canja batir, ya canja waya, ya zagi bawan Allah a Cotonou, ya ɓata wa unguwa guda suna, alhali ciwon na nan manne a hannun Dogo, yana kallonsa kullum.

“Wato yatsana ne ba shi da lafiya,” in ji Dogo.

“Lafiyarsa ce ta yi yawa. Ka kaɗa ba da shi ba.”

Dogo ya gwada. Ya lanƙwashe yatsan cikin tafin hannu ya fara waƙa. Kafin ya kai ƙarshen baiti yatsan ya sulale ya koma bakin aikinsa. Awalu ya kawo ƙyalle aka ɗaure shi. Wannan karon yatsan ya zauna, amma waƙar ta watse, Dogo ya riƙa tuntuɓe kamar wanda aka ce ya yi tafiya da ƙafa ɗaya. Ya fizge ƙyallen ya yar.

“Tun ban yi kaciya ba yatsan nan yake wurin nan. Yau za ka tashe shi saboda gwangwani?” Ya fara naɗe wayarsa. Sai ya tsaya. “Dakata. A shagonka da kake cewa yana yi, wa ke kaɗa maka?”

Hachimou ya dubi mangwaro. “Ni.”

“Kai? Injiniya, ka iya jita?”

“Ban iya ba. Shi ya sa yake yi.”

Awalu ya yi dariya har ya faɗo daga kan kujera. Dogo bai yi ba. Ya buɗe jaka ya ciro jitar da yake ajiyewa saboda tsinkewar tsirkiya, ya laluba aljihu ya fito da allin tela. Ya yi zane uku a wuyan jitar, kamar zai yanka yadi.

“Nan, da nan, da nan. In na taka ƙafar dama, na farko. In na taka hagu, na biyu. In na ɗaga kai, na uku. Tsirkiyar sama kawai. Sauran ba naka ba ne, ko gaisuwa kada ta haɗa ku.”

“Metir, a gaban mutane?”

“Ko ka kaɗa, ko ka je ka gaya wa Hajiya Mariatou da bakinka.”

Hachimou ya dubi ƙofar gida, inda yayarsa ke raba wa mata ɗankwalin anko. Ya ce ya yarda, da sharaɗin a ajiye masa kujera a bayan lasifika. Lasifikar ta fi shi tsawo in yana zaune, wannan ne karo na farko da ya gode wa Allah da gajartarsa.

Bayan la'asar mata suka cika rumfar. Awalu ya buɗe da ganga, Dogo ya shigo, sannan ya taka ƙafar dama. Hachimou ya rufe ido ya danna. Duum. Ƙasan kujerarsa ya girgiza. Ta gefen lasifika ya hango zannuwa sun fara motsi, ya hango wata gwaggonsa da ke kukan ciwon gwiwa tun yana yaro ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

Ba za a ce ya yi kiɗa mai kyau ba. Yana bin ƙafar Dogo a makare, kamar mai bin liman daga sahun baya. Dogo kuwa da waƙa ta yi masa daɗi sai ya manta da yarjejeniya, ya shiga taka ƙafa biyu yana kaɗa kai ta ko'ina. Gumi ya goge zane na uku, ya fara cin na biyu. A waƙar amarya, da aka fito da Mounira, Hachimou ya rasa inda yake gaba ɗaya, ya maƙale a zane na farko ya yi ta dukansa daga fari har ƙarshe. Ba wadda ta zauna. Aka ma ce a maimaita.

Da aka tashi gab da magariba, yatsansa ya yi bororo, rigarsa ta jiƙe har ƙugu. Ya jingina jitar, ya koma naɗe wayoyi. Dogo ya wuce ta gefensa, ya ce, “A waƙar amarya barci ka yi?” Bai jira amsa ba, ya ƙara da cewa ranar gwaji ya zo da tasa jitar, kuma ya nemo fenti, alli ba ya riƙe gumi.

Sai ga Mariatou da ƙawayenta biyu, ta sha rawa har ɗankwalinta ya karkace. Ta tsaya a kan akwatin tana nuna musu.

“Kun gan shi nan. Ƙanena ne ya haɗa shi da hannunsa. Shi kaɗai yake kiɗansa, ba mutum.” Ta juyo. “Amma kai ina ka shiga? Ana ta nemanka ka kama mana kujeru, an ce ba a gan ka ba. Bikin 'yarka guda, ko rawa ba ka taka ba.”

Hachimou ya buɗe baki. Ya dubi matan biyu, yadda suka sunkuya suna kallon tsohuwar dikoda kamar wadda aka kawo daga Makka. Ya ɓoye yatsan a aljihu.

“Ina wajen wayoyi, Yaya.”

“To, ji nan. Bayan Sallah akwai bikin 'yar Kawu a Sérou, na riga na ce musu za a kawo. Na san aiki ya yi maka yawa, ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka ba Dogo akwatin kawai.”

“Ba ya tafiya shi kaɗai, Yaya.”

“To, ka rako shi,” in ji ta, ta juya wajen tukwane.